Belin wanda ake zargi da kisan kai: idan ya tsallake ruwa, wa za a kama?

Duk lokacin da aka yi kisa a wani ƙauye, aka kama mutum, bayan wata shida ko shekara kuma aka gan shi yana ciniki a kasuwar Yawuri ko ta Wara, magana ɗaya ce ke fitowa daga bakin dangin mamaci: "An ci kuɗi an sake shi." Ba za a rantse cewa hakan ba ya faruwa ba. Amma sau da yawa abin da ya faru daban ne. Wani ma'aikatar shari'a ce ta duba takardun bincikensa ta ga babu hujjar da za ta tsaya a gaban alƙali. Wani tuhumarsa ce aka sauko da ita daga kisan ganganci zuwa kisan da hukuncinsa bai kai na rai ba, kamar yadda dokar finalkod ta Arewa ta raba su tun 1960. Wani kuwa beli ya samu, shari'arsa na nan ba ta ƙare ba. Wannan na ƙarshen shi ne mai tayar da hankali, don tambayar da ke ran kowa ita ce: ranar da aka kira sunansa a kotu, zai amsa?

Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 36, ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar da laifin a kansa. Daga nan beli ya samo asali. Amma kisan kai yana da nasa matsayi. Ɗan sanda ba shi da ikon ba da belin wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, ko DPO ne. Alƙalin majistare ma ba huruminsa ba ne. Abin da yake yi shi ne ya tura mutum gidan gyaran hali a ajiye shi, kafin takardun su je Birnin Kebbi lauyoyin gwamnati su ba da shawara. Alƙalin babbar kotu kaɗai ke iya ba da irin wannan beli. Saboda haka idan aka ce an saki wanda ake zargi da kisan ganganci daga ofishin 'yan sanda "a kan beli", to akwai abin tambaya, kuma dangi na da haƙƙin su yi tambayar.

Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi suka kwaikwaya suka yi nasu, ta fayyace a sashe na 161 cewa sai da dalili na musamman. Ta ambaci rashin lafiya da likitan asibitin gwamnati ya tabbatar, wanda inda ake tsare da mutumin ba za su iya kula da shi ba. Ta ambaci jinkiri da ya wuce ƙa'ida, fiye da shekara guda, wajen bincike ko gurfanarwa ko gudanar da shari'ar. Sannan ta bar wa alƙali damar duba wani dalilin da ya ga ya kai.

A ganina wannan maganar jinkiri ita ce ƙofar da ta fi faɗi, kuma hukuma ce ke buɗe ta da hannunta. Takarda ta kwanta a ofis wata da watanni. An yi wa ɗan sandan da ya yi binciken canjin wurin aiki. Babu motar da za ta kawo fursuna kotu. Shaida ya zo daga tsibiri sau uku, ya biya kuɗin jirgi da na mota, kowane zuwa a ce an ɗaga, sai ya daina zuwa. Lauyan wanda ake tuhuma ba abin da zai yi illa ya ƙirga watanni, ya shigar da takardar neman beli. Kuma da gaskiyarsa, don kusan biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Nijeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi.

Mu 'yan jihar Kebbi ba sai mun je nesa neman misali ba. Ɗaya daga cikin hukunce-hukuncen da lauyoyi suka fi kafa hujja da su a kan beli, na wani ɗan Zuru ne, Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, tsohon shugaban sojojin ƙasa. An tuhume shi a Legas da hannu a yunƙurin kashe Alex Ibru, mai jaridar Guardian. Ya nemi beli har Kotun Ƙoli, a 2001 ta hana shi. A hukuncin an jera abubuwan da alƙali zai auna: girman laifin, ƙarfin hujjar da ke hannu, tarihin mutumin, yiwuwar ya taɓa shaidu, da kuma ko za a same shi ranar shari'a. Sai a 2008 kotu ta wanke shi, bayan ya shafe fiye da shekara takwas a tsare. Manjo Hamza Al-Mustapha ya fi haka daɗewa kan kisan Kudirat Abiola: an yanke masa hukuncin kisa a 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta sallame shi a 2013. Duk mai cewa kada a taɓa ba da belin wanda ake zargi da kisa, ya tuna cewa shekarun da aka ci wa mutum a kurkuku ba mai mayar masa da su. Idan janar ya yi shekara takwas, yaya masunci daga Ngaski wanda ba shi da lauya?

To amma tsoron gudu ma ba tatsuniya ba ce, kuma ƙasar Yawuri na da nata yanayi da ya kamata alƙali ya sani. Mutumin da ya san igiya ke jiransa idan shari'a ta juya masa baya yana da dalilin gudu da ɓarawon akuya ba shi da shi. Ga kuma hanya a buɗe. Wanda ya shiga jirgi a Zamare, kafin ya gama cin ƙosan da ya saya ya sauka Rofiya, ya bar jihar Kebbi ya shiga Neja. Ba a tambayar fasinjan kwalekwale sunansa. Hatsarin jirgin ruwa na kusa da Wara a watan Mayun 2021 ya nuna haka ƙarara, don har aka gama ceto ana ta saɓani kan yawan mutanen da jirgin ya ɗauko. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 aka tashi garuruwa aka sake musu matsuguni, dangi suka rarrabu a gaɓa biyu, kusan kowa na da inda zai sauka a ƙetare. Masunta na bin kifi daga sansani zuwa sansani, ramukan haƙar zinariya na karɓar baƙo ba tare da an tambaye shi daga ina ba. Daga Borgu zuwa iyakar Binin ba nisa, ta Kamba kuma ga Gaya a Jamhuriyar Nijar. A takarda, sammacin kama mutum na aiki ko'ina a Nijeriya, tun da rundunar 'yan sandan ɗaya ce. A aikace kuwa, wa zai zuba man jirgi a bi shi tsibiri tsibiri?

Shi ya sa nake ganin abin da ke riƙe wanda aka ba beli a irin wannan wuri ba yawan kuɗin da aka rubuta ba ne, mutumin da ya tsaya masa ne. Jama'a da yawa ba su fahimci abin da suke sa wa hannu ba. Kuɗin beli ba a ƙirga su a miƙa a kotu a mafi yawan lokuta, alkawari ne. Dattijo zai zo da hotunansa biyu da katin shaida, wani lokaci da takardar gida ko ta gona, magatakarda ya nuna masa inda zai dangwala yatsa, ya fito yana murna ya fitar da ɗan ƙaninsa. Abin da ya dangwala yana cewa: ni zan kawo shi duk ranar da aka neme shi, idan na kasa a ci ni kaza. Ranar da yaron ya ɓace, kotu za ta kira dattijon ya faɗi dalilin da zai hana a karɓi kuɗin. Idan ba shi da su a taɓa dukiyarsa, ko shi ya shiga gidan da ya fitar da yaron.

Sanata ma bai tsira ba. Ali Ndume ya tsaya wa Abdulrasheed Maina, wanda a lokacin ake tuhuma kan kuɗin fansho, a kan naira miliyan 500. Maina ya daina zuwa kotu. A watan Nuwamban 2020 Mai Shari'a Okon Abang ya tura Ndume gidan yarin Kuje, ya kwana a can 'yan kwanaki. A ina aka kamo Maina? A Yamai. Laifinsa ba na kisa ba ne, amma ƙasar da ya gudu can ita ce wadda ke bayan gidanmu.

Sai dai wannan tsoron na aiki ne idan mai tsayawar na gaskiya ne. A bakin kotuna da yawa akwai waɗanda suka mayar da tsayawa sana'a, a biya su su sa hannu, adireshin ƙarya, takardar fili ta bogi. Idan ma'aikacin kotu bai taka ya je ya ga gidan ba, bai tambayi mai unguwa ko dagaci ba, to belin ba shi da igiya. A ƙasar da dagaci ya san kowane gida da wanda ke cikinsa, rashin tambayarsa sakaci ne. Malaman fikihu ma sun daɗe da hango matsalar: mafi yawansu ba su yarda da lamunin jiki a kan ƙisasi ba, domin idan mai kisan ya gudu ba za a kashe wanda ya lamunce shi a madadinsa ba. Kuɗi na biyan bashi, amma ba ya maye gurbin wanda ake nema da jini.

Ba kowane mai beli ke gudu ba. Maryam Sanda, da aka tuhuma da kashe mijinta Bilyaminu Bello a Abuja a 2017, an hana ta beli sau da dama kafin Mai Shari'a Yusuf Halilu ya ba ta a 2018 saboda juna biyu da rashin lafiya. Ta ci gaba da zuwa kotu har ranar 27 ga Janairun 2020 da aka yanke mata hukunci. Amma shari'ar da ta fi koya mana darasi ita ce ta Hanifa, 'yar shekara biyar a Kano. An kama Abdulmalik Tanko, wanda aka zarga da kashe ta, a Janairun 2022, aka yanke masa hukunci a Yulin shekarar. Cikin wata shida aka gama, maganar beli ba ta sami wurin zama ba. An yi haka ne don idon duniya na kan shari'ar. Ran manomin da aka kashe kan iyakar gona a Shanga bai gaza na kowa ba.

Ga dangin mamaci: idan kun ga wanda ake tuhuma a gari, kada ku ɗauki doka a hannunku, don ku ma za ku koma waɗanda ake nema wa beli. Ku je wurin lauyan gwamnati mai gabatar da ƙarar ku tambayi ranar zama. Idan kun ga yana sayar da gona da shanu ko jirginsa, ko yana aika wa shaidu barazana, ku kai rahoto nan take, domin kotun da ta ba da beli na da ikon soke shi ta sa a kamo mutum. Ku kuma riƙe shaidunku, ku taimaka musu da kuɗin mota su zo.

Kai kuma da aka zo gidanka da dare ana roƙon ka tsaya wa wani don zumunci, ka tambayi kanka ko ka san inda yake kwana, ko yana da mata da 'ya'ya da gona da za su riƙe shi a gari, ko kuma idan ya tsallake ruwa ka san ƙofar da za ka buga ka dawo da shi. Idan ba ka sani ba, ka ba su haƙuri, kada ka dangwala yatsanka.