'Yar tsanar Kazage da ta iso mini a karye

Da yammacin wata Laraba yaron mota ya kira ni ya ce saƙona ya iso tasha. Na je na karɓo wani ɗan kwalin sabulu da aka ɗaure da igiyar roba, na kawo gida Zariya ina ɗokin buɗewa. Tun kafin in kwance igiyar na ji wani abu yana kacau-kacau a ciki, gabana ya faɗi. Da na warware tsumman da aka naɗe ta da shi, sai na tarar kan ya rabu da wuya, hannun hagu ya kasu uku, ga garin yumɓu ya taru a gindin kwalin. 'Yar tsanar da ta haura shekara 60 a duniya ba ta ko tsage ba, ta karye a tafiyar yini ɗaya.

Bari in gaya wa mai karatu yadda aka yi ta zo hannuna. Shekaru da dama ke nan ina tara ƙananan kayan gargajiya da nake nuna wa ɗalibai a aji, domin gani ya kori ji. Wani ɗalibina ɗan mazaɓar Kazage, a gabashin Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, shi ya ba ni labarin wata tsohuwa a ƙauyensu da ke da 'yar tsana ta gasasshen yumɓu. Tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba, an yi mata kitso da tsaga a fuska, an ɗaura mata ɗan zanen saƙi da jigidar tsakiya. Ita ma tsohuwar ba sabuwa ta same ta ba. Wata maginar tukwane ce ta gina ta, aka saya wa yayarta, da aka kai yayar ɗakin miji ta bar mata. Da ita suka yi wasan auren 'yar tsana a dandali, suka tuƙa tuwon ƙasa, suka yi rakiyar amarya zuwa bayan rumbu.

Duk mai bin labaran yankin ya san abin da mutanensa suka gani. Dazuzzukan Kamuku da Kuyambana sun zama mafakar 'yan bindiga, hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama abin tsoro, a 2022 kuma mutanen Damari da ke wannan mazaɓa suka watse suka bar gidajensu. Tsohuwar nan tana cikin waɗanda suka yi gudun hijira daga ƙauyukan yankin, kuma 'yar tsanar na cikin ɗan ƙunshin da ta fita da shi. Bayan sulhun da gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla a ƙarshen 2024, wanda ya kai ga sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, ta koma ta tarar da ɗakinta babu rufi. Kuɗin kwano take nema, shi ya sa ta yarda ta rabu da abin da ta riƙe tun ƙuruciya. Muka daidaita a kan naira dubu 30, na tura kuɗin ta hannun ɗalibin, na ce a sa a mota a aiko mini.

Kafin in biya na duba dokar Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979, wadda ta hana cinikin kayan tarihi ba tare da izini ba. A ma'anar dokar, kayan tarihi sun haɗa da aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, da abin da aka taɓa amfani da shi a bukukuwan gargajiya. Wannan kuwa kayan wasan yara ce ta wajajen shekarun 1960, don haka babu laifi a cinikin. Na kiyaye wannan ɓangare, amma na manta da mafi sauƙi, wato yadda za a ƙunsa ta.

A daren nan tambaya ɗaya ta hana ni barci: wa zai ɗauki asara? Na bi sawun tafiyar. Ɗan acaɓa ne ya fito da kwalin daga ƙauye zuwa bakin titi. Wata mota ta kai shi Funtuwa, aka sauke aka miƙa wa wata mai zuwa Zariya, inda aka cusa shi a but tsakanin buhunan masara. Hannu uku ke nan, babu rasit, babu inshora, babu wanda aka gaya wa abin da ke ciki. Washegari na koma tasha na sami direban ƙarshe. Ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce, “Malam, wallahi da an ce mini abin fashewa ne da a gaba zan ajiye shi kusa da ni. An ce mini saƙo ne kawai.” Na rasa abin da zan ce masa, domin gaskiya ya faɗa.

Na koma ga abin da shari'a ta tanada. A fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kansa, wanda aka damƙa wa amana ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ɗora lamuni a kan masu sana'a game da kayan da suka keɓanta da su, amma ta ɗauke shi daga kan mai jirgin ruwa. A ɓangaren boko kuma, dokar cinikin kaya ta Ingila ta 1893, wadda muka gada, tana ɗaukar miƙa kaya ga mai sufuri tamkar miƙa su ga mai saye ne, da sharaɗin mai sayarwa ya yi yarjejeniyar da ta dace da irin kayan. Akwai kuma dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Wannan tana da amfani ga wanda ya yi hulɗa da kamfanin aika saƙo mai rajista, yana riƙe da rasit da hoton kayansa. Ni kuwa ƙarar wa zan kai? Ta tsohuwar da ba ta taɓa aika saƙo a mota ba, ko ta ɗan acaɓan da ya bi hanyar da mutane da yawa ke tsoron bi?

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A cikin mu duka ni kaɗai na san darajar abin, ni kaɗai na san gasasshen yumɓu na gargajiya ba ya jure jijjiga, kuma ni ne na ce “a sa a mota” ba tare da ƙarin kalma ɗaya ba. Abin kunyar shi ne maganin yana nan a ƙauyen. Masu tukwane sun daɗe suna kai kayansu kasuwa a kan jaki da amalanke, suna jera su cikin ciyawa yadda wata ba ta taɓa wata. Da na ce a naɗe ta da auduga, a sa a kwanon samira mai murfi, a cika gefe da buntun shinkafa ko ƙaiƙayi har ta kasa motsi, sannan a gaya wa kowane direba cewa abin fashewa ne, da ta iso lafiya. Ko kuma in jira ɗalibin ya dawo hutu ya riƙo ta a hannu. Gaggawata ce ta karya ta.

Ana cikin haka sai ɗalibin ya kira ni. Ashe labari ya kai wa tsohuwar, ta kuwa ƙulle naira dubu 15 a bakin zane ta kawo gidansu, ta ce a mayar mini, sauran ta riga ta ba da kafin alƙalamin kwano, za ta cika in an yi girbi. Na ce a ba ta wayar. Na ce, “Inna, ciniki ya riga ya faɗa, kin ba da kaya lafiya, laifin nawa ne.” Ta ce, “Ɗana, ba na son in ci kuɗin abin da bai amfane ka ba.” Sai da na rantse mata cewa zan gyara ta, kuma ɗalibai za su gan ta, sannan ta yarda ta mayar da kuɗin. Matar da ta rasa rufin ɗaki ita ce ta fara tunanin haƙƙina, ni da na kwana ina laluben wanda zan ɗora wa laifi.

Saura gyara. Abin da hannu ya fara kai wa shi ne Super Glue, Allah Ya taimake ni na tuntuɓi wani abokin aiki masanin kimiyyar tona kayan tarihi kafin in ɗiga. Ya ce kul. Yumɓun da aka gasa a wutar itace yana da ƙananan ƙofofi da ke shan gam, irin wannan gam kuwa in ya kama ba ya warwaruwa sai da ɓarna, in an yi kuskuren jeri shi ke nan. Ya sa na ɗauki hoton kowane gutsure, na tattara har garin da ke gindin kwali, ya hana ni wankewa da ruwa ko gwada haɗa ɓarayin, domin kowane gogi yana cinye bakin karayar. Ya yi amfani da wani gam da masu adana kayan tarihi ke aiki da shi, Paraloid B-72, wanda ake narkarwa da sinadarin asiton, kuma ana iya warware shi in wani ya zo da dabarar da ta fi. Ya fara shafa tsinkakke a bakin karayar don ya ƙarfafa ta, sannan ya haɗa, ya kafa 'yar tsanar a cikin kwanon yashi har ta bushe.

Ya tambaye ni ko a cike tsagar a shafe ta da launi yadda ba za a gane ba. Na ce a bar ta. Mutanen Japan suna da wata sana'a, kintsugi, inda suke liƙe fasasshen kwano su bi tsagar da garin zinariya don a san ya taɓa fashewa. Ni ba ni da zinariya, amma ina da dalili. Duk wanda zai gaji wannan abu bayana ya cancanci ya san an gyara shi, ɓoye gyara a kayan hannu kuwa algus ne. Ƙari a kan haka, tsagar nan ta shiga tarihin 'yar tsanar, kamar yadda gudun hijirar 2022 ya shiga.

Abin da ya fi damuna ya wuce 'yar tsana ɗaya. Jiharmu ce ta ba duniya mutum-mutumin Nok, waɗanda aka fara tsinta a 1928 wajen haƙar kuza, kuma hoton Ladi Kwali maginar tukwane yana kan takardar naira 20. Muna alfahari da waɗannan, amma kayan yau da kullum na ƙauyukan da rikici ya tarwatsa, irin su faifai da akushi da tasoshin jere da 'yan tsana, suna fita ɗaya bayan ɗaya a farashin yunwa, ba mai rubuta sunan garin da suka fito ko hannun da ya yi su. Ya kamata Gidan Tarihi na Kaduna da sassan tarihi na jami'o'inmu su shiga waɗannan garuruwa yanzu da hanya ta ɗan buɗe, su ɗauki hoto, su naɗi bayanin tsofaffi, su sayi abin da za a sayar da daraja. Ƙungiyoyin direbobi kuma su tanadi ɗan littafin rajistar saƙo a kowace tasha, a riƙa tambayar mai aikawa abin da ke cikin kwali.

'Yar tsanar tana kan kantar ofishina yanzu, da zare siriri a wuyanta inda aka haɗa. Na sa ɗalibin ya kai wa Inna hotonta. Ya ce ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a gaya mini ɗaurin zanen ya karkace, ba haka ake ɗaura wa amarya ba. Na gyara. Allah Ya zaunar da Birnin Gwari da kewayenta lafiya, Ya mayar da kowa ɗakinsa.