Kumburin Jego Ba Ƙiba Ba Ne

Wata ɗiyarmu mai karatun likita a Sakkwato ta ce rasuwar yayarta ce ta sa ta wannan karatu. Yayar na jego ƙafafunta suka kumbura, aka ce jego ya karɓe ta, ashe zuciya ce ta gaza.

Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura ciwon ya yawaita ga masu jego. Kunun kanwa kuwa, gishirin cikinsa na tara ruwa a jiki, ya ƙara wa zuciya nauyi.

To uwargida, in kin ga kumburi, haki, ko tarin kwanciya, faɗa wa maigida ku nufi asibiti a ranar. Allah ya ba mu lafiya.