JAKARA DA RUWAN AGUSTA: ABIN DA KE SA KANO AMBALIYA

Damina alheri ce, ba mai musun wannan. Amma a birnin Kano, in hadari ya haɗu daga gabas cikin watan Agusta, manomi na murna, mai gidan ƙasa a kwari kuwa yana duban gindin katangarsa. A Agustan 1988 an yi ruwan da ya rushe gidaje dubbai, har madatsar Bagauda ta ɓalle. A Agustan 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari, ya jiƙe atamfa da shadda na kuɗi masu yawa, 'yan kasuwa da dama suka ɗora laifin a kan shagunan da aka gina bisa hanyoyin ruwa. Tsakanin shekarun nan biyu da wuya a sami daminar da wata unguwa ba ta kwana tana kwarfe ruwa daga ɗaki ba. To, ya kamata mu san dalili, don ba a maganin ciwon da ba a san asalinsa ba.

INA RUWAN KE ZUWA A DA?

An kafa Kano a gindin Dala da Gwauron Dutse, ruwan da ya sauka a galibin tsohon birni kuwa hanyarsa ɗaya ce, watau Jakara. Ita ce ta ratsa gari, ta wuce ta gefen Kasuwar Kurmi wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa, ta fita ta wajen Fagge, ta nufi arewa maso gabas, ta haɗu da rafin Getsi, kana ta zuba a madatsar Wasai cikin ƙasar Minjibir. Ruwan kudancin gari shi kuma Calawa ya ke gangarawa. Baturen nan Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya shigo Kano a 1851 ya sami Jakara fadama ce babba wadda ta raba birni biyu.

Ban da Jakara akwai kududdufai. Mutanen da, in za su yi gini, nan kusa su ke haƙar ƙasa su yi tubali, haka kuma aka haƙi ƙasar ganuwa. Ramukan da aka bari su ne kududdufai. Ba don ambaliya aka haƙa su ba, amma sun zama rumbunan ruwa. Indararo ya zubar a lungu, lungu ya kai kududdufi, kududdufi ya riƙe ruwan, wani ya nutse ƙasa, wani rana ta shanye, ragowar ta gangara Jakara sannu a hankali.

GA LISSAFI

Malaman lissafi su gwada wa yara wannan a allo. In aka yi ruwa inci 1 a kan fili eka 1, ruwan da ya sauka ya kai galan 22,600. Garwa galan 4 ta ke ci, watau ke nan garwa 5,600 da ɗoriya. In gona ce ko fili mai yashi, ƙasa za ta sha rabo mai yawa daga ciki. In kuwa filin nan an rufe shi da kwano da siminti da kwalta, kusan duka ruwan ne zai kwarara, kuma cikin ɗan lokaci kaɗan. Sai a duba eka nawa ke cikin Kano, a kuma tuna ruwan Agusta ya kan wuce inci 2 a dare guda.

A ƙidayar 1963 mutanen Kano da kewaye wajen 295,000 ne. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi 8 na cikin gari sun kai mutum miliyan 2 da dubu 800. Ko wane magidanci na son rufin kansa, sai gonaki suka zama unguwanni, tsakar gida ta sha siminti, kududdufai da yawa aka cike su da shara aka yanka filaye aka sayar. Ruwan da ke ƙaruwa a kan hanya ya yi yawa, wurin ajiye shi ya ragu. Sa'an nan ga leda. Bawon rake da ganyen da a ke ƙunshe kaya a da ruɓewa su ke yi, leda kuwa ba ta ruɓa. Ita da yashi su ne ke toshe bakin kwalbati, ruwa ya rasa hanya ya koma gidajen mutane.

AYYUKAN GWAMNATI

Ba yau aka fara tunanin tsara Kano ba. Akwai shirin shekara 20 wanda Trevallion ya rubuta domin 1963 zuwa 1983, amma gari ya yi saurin da ya wuce abin da ke takarda. A zamanin mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, 2011 zuwa 2015, aka fara babban aikin ɗaure Jakara da kankare, a rufe ta, a shimfiɗa titi a bisa, wanda a ke kira Wuju-Wuju. Aikin ya tsaya shekaru bai kammala ba, mazauna bakin rafin suka sha wahalar rabin aiki, wanda wani lokaci ya kan fi rashin farawa ciwo.

Aikin magudana yana da ƙa'idodi waɗanda ya kamata ko wane ma'aikaci ya sani. Na farko, daga ƙasa a ke farawa a hauro sama, don in aka gyara lambatun unguwa alhali babbar hanyar da zai zuba a toshe ta ke, an kwashe ruwa ne daga gidan wani an kai gidan wani. Na biyu, sai an auna gangare, don lambatun da ba shi da gangare kududdufi ne mai tsawo. Na uku, kankare na sa ruwa gudu, saboda haka dole a faɗaɗa kwalbatoci da gadojin da ke gaba. Na huɗu, magudanar da aka rufe tana bukatar ƙofofin da ma'aikata za su shiga su yashe ta, in ba haka ba toshewarta ba mai gani sai ran da ta yi amai.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ran 31 ga Agusta 1980 kogin Ogunpa ya ci birnin Ibadan, rayuka da yawa suka salwanta. Aka ɗaure Ogunpa da kankare, amma ran 26 ga Agusta 2011 ruwa ya sake cin garin, mutum fiye da 100 suka rasu, ɓarnar kuwa ta fi yawa ta wajen kogin Ona da sauran rafukan da ba a gyara ba. Sai a 2014 aka ɗauko shirin garin baki ɗaya da rancen dala miliyan 200 daga Bankin Duniya. Gyaran rafi ɗaya ba ya tsirar da birni.

RABON KOWA

Wani zai ce ai kududdufi gidan sauro ne, yara kuma na nutsewa a ciki, cike shi ya fi. Gaskiya ne yana da illa. Amma maganinsa a yashe shi, a kewaye shi, a hana zuba shara, a yi masa mafita zuwa babbar magudana. Wanda ya cike shi bai kori ruwan ba, ya aika da shi ɗakin maƙwabcinsa ne.

Zamanin En'e, duba-gari na shiga lungu lungu, wanda aka sami kwatarsa a toshe ya sha tara. Yau akwai hukumar tsara birane da hukumar kwashe shara, ga kuma tsaftar ƙarshen wata, amma doka ba ta aiki sai da mai riƙe ta. Akawun da takardar fili ta biyo ta teburinsa ya tambaya ko filin nan hanyar ruwa ce kafin ya buga hatimi, don hatiminsa na iya zama sanadin faɗuwar katanga a kan yaran da ke barci. Mai unguwa ya tara samari a yashe lambatu tun cikin Afrilu, a kuma kwashe abin da aka yaso, kada a bar shi a baki ruwan fari ya mai da shi. Malamin makaranta ya fita da yara su bi ruwan unguwarsu daga indararo har inda ya ƙare, su zana taswirarsa. Gwamnati kuma ta riƙa ware kuɗin yasa ko wace shekara kamar yadda ta ke ware na gini.

Ruwa ba ya manta hanyarsa, ko an yi shekara 50 da gina bene a kanta. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyashe mu da sharrinta, amin.