Nidus: Kalmar da Ta Raba Ɗan Zabo da Ɗan Tantabara

A littattafan nazarin halittu akwai kalmomi biyu da ɗalibai kan haddace gab da jarrabawa, su manta da su bayanta: nidicolous da nidifugous. Alhali tushensu ɗaya ne, wato nidus, kalmar Latin, harshen Romawan dā, mai ma'anar sheƙa. Ta farko an haɗa ta da colere, zama. Ta biyu da fugere, gudu. Mai zaman sheƙa da mai gudun sheƙa ke nan.

Masana harsuna sun bi diddigin nidus zuwa tsohon harshen da ya haifi Latin da Sanskirit da yawancin harsunan Turai. Ba a taɓa rubuta wannan harshe ba. Ta hanyar kwatanta 'ya'yansa aka gano siffar kalmar, nisdos, daga ni, ƙasa, da sed, zauna. Can ne nest ta Ingilishi ta samo asali, nid ta Faransanci kuwa ta biyo ta Latin. Ashe babu ciyawa ko saƙa a ma'anar asali, wurin zama ne kawai. A nan kalmar gurbi ta fi sheƙa kusa da ita.

Gurbi zabuwa ke yi a ƙasa da damina, a gonakin Roni da Gwiwa. Ƙwanta na da yawan gwaiduwa, kuma sai an kwanta masa kwana 26 zuwa 28, don haka ɗan zabo kan fito da gashi, ido buɗe, ya bi uwa ko kazar da aka sa wa ƙwan. Ɗan tantabara kuwa kwana 18 yake yi a ƙwai, ya fito ido rufe, uwa da uba na ɗura masa wani abu mai kama da nono daga maƙoshinsu, ba ya barin sheƙa sai bayan kusan mako 4.

Shamuwa da marai, masu sheƙa a bishiyoyin Kazaure da Babura, ajin tantabara suke. Abin takaici, lokacin ƙyanƙyasarsu ya zo daidai da lokacin da itacen girki ke tsada. Duk reshen da aka sare da sheƙa a kansa da damina, 'ya'yan da ke ciki ba su da ƙafar gudu, ba su da fiffiken tashi.