Waya Ma Tana Da Wa'adi: Abin Da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Saya

A gundumomin Madawa, Buza da Kaita, wayar salula ta zama kayan aiki. Da ita manomin albasa na kwarin Tarka yake jin kuɗin buhu a Abijan ko Akara. Da ita iyali suke jin muryar ɗansu da ya tafi cirani. Amma waya tana iya daina amfani alhali jikinta lafiya lau. Ga dalili.

Mene ne tsarin waya?

Babbar waya, wadda ake shafa fuskarta, tana da jiki: gilashi, batir da sauransu. Tana kuma da tsarin da yake tafiyar da ita, wanda ido ba ya gani. A wayoyin Tecno, Itel, Infinix da Samsung, sunansa Android. Kamfanin Google ne yake yin sa, kuma kusan kowace shekara sabo yana fitowa da lambarsa. Android 5 ya fito a 2014, Android 15 kuwa a 2024.

Me ya sa ake sabunta shi?

Ku dubi rumbu. In ba a yi masa yaɓe ba, sai ya tsattsage, ruwa da ɓera su sami hanya. Haka tsarin waya yake. Ana gano kafofi a cikinsa, waɗanda ɓarayin intanet suke bi su saci saƙonni ko lambar sirri ta kuɗi. Sabuntawa ita ce yaɓen da kamfani yake aikowa don toshe su.

Wa'adin sabuntawa

Kamfani ba ya aiko da gyara har abada. A 2024 Samsung ya yi alkawarin shekara 7 ga Galaxy S24, da shekara 6 ga Galaxy A16. Wayoyi da yawa masu araha ba sa samun ko rabin haka. Ku lura: ana ƙirga wa'adin daga shekarar da samfurin ya fito, ba daga ranar da kuka saya ba.

In wa'adi ya cika, waya ba ta mutuwa nan take. Sannu a hankali manhajoji suke barin ta. Misali, a watan Oktoba 2023, WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da tsarinsu bai kai Android 5 ba.

Abin da za ku yi

1. Kafin ku sayi waya, musamman ta hannu, ku buɗe Paramètres, ku shiga À propos du téléphone, ku karanta lambar Android. In ƙarama ce ƙwarai, ku nemi wata.
2. Ku tambayi mai sayarwa shekarar da samfurin ya fito.
3. In saƙon sabuntawa ya fito daga Paramètres, ku karɓa. Ku cika batir tukuna, ku zaɓi wurin da layi yake da ƙarfi, kada ku kashe waya sai ta gama.
4. Kada ku taɓa adireshin da baƙo ya aiko da sunan sabuntawa. Kada ku ba kowa lambar sirrinku.
5. Tsohuwar waya tana iya kira da saƙo, amma kada ku yi harkar kuɗi da ita.

Karatun da kuke koyo ya ishe ku duba lambar nan da kanku. Ku koya wa maƙwabta.