Shirin Musamman: Inda Ake Karanta Japan a Bakin Kogin Nilu

(Kiɗan buɗe shiri, a rage shi sannu a hankali)

MAI GABATARWA: Yau za mu yada zango ne a ƙasar Masar, a Jami'ar Alƙahira da ke Giza, yamma da Kogin Nilu. A tsangayar adabi ta wannan jami'a akwai wani sashe da aka buɗe a shekarar 1974, inda ake koyar da harshen Japan da adabinta. Shi ne irinsa na farko a ƙasashen Larabawa da nahiyar Afirka. Za mu ji abin da ya kawo shi, da abin da ake yi a cikin aji da wajen aji, da kuma dalilin da ya sa labarinsa ya shafe mu. Sai a gyara zama.

(Kiɗa)

MAI GABATARWA: Sanayya tsakanin Masar da Japan ta girmi wannan sashe da fiye da shekara ɗari. A 1864 wata tawagar jakadun Japan, ƙarƙashin Ikeda Nagaoki, ta ratsa Masar a kan hanyarta ta zuwa Faransa. Lokacin ba a buɗe mashigin ruwan Suwez ba, don haka sai da suka sauka daga jirgin ruwa suka bi ta tudu. Har yau akwai hoton da aka ɗauke su, sanye da tufafin samurai, a gaban gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum wanda Larabawa ke kira Abul Haul.

Bayan shekara arba'in, yaƙi ya ɓarke tsakanin Japan da Rasha, daga 1904 zuwa 1905, Japan kuwa ta yi galaba. Labarin ya girgiza Misirawa, waɗanda a lokacin ke ƙarƙashin ikon Ingila. Ga wata ƙasa ta gabas ta kayar da babbar daular Turai. Jagoran 'yan kishin ƙasa, Mustafa Kamil, ya rubuta littafi sukutum a kan Japan a 1904, mai suna Al-Shams al-Mushriƙa. Shahararren mawaƙi Hafiz Ibrahim shi ma ya tsara waƙa a kan wata budurwa 'yar Japan mai jinyar mayaƙan ƙasarta.

Sai dai duk wannan ƙauna daga nesa ake yin ta. Mafi yawan abin da Misirawa suka sani game da Japan a wancan zamani ya biyo ne ta littattafai da jaridun Turawa. Bature ya je, ya gani, ya zaɓi abin da ya ga dama ya rubuta, sannan Balarabe ya karanta. Waƙa kuwa a bakin mai ita ta fi daɗi.

(Kiɗa)

MAI GABATARWA: To, me ya sa sai a 1974 aka buɗe sashen? Amsar tana cikin rijiyar mai. A watan Oktoba na 1973 aka gwabza yaƙi tsakanin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu arzikin man fetur suka rage abin da suke fitarwa, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Japan ba ta da man a-zo-a-gani a ƙasarta, yawancin wanda take sha daga Gabas ta Tsakiya yake zuwa. Hankalin shugabanninta ya tashi. A watan Disamba na wannan shekara suka tura mataimakin firaminista, Miki Takeo, ya zagaya ƙasashen Larabawa, har da Masar. Sun gane cewa sun daɗe suna cin arzikin mutanen da ba su san su ba, su ma mutanen ba su san Japan ba.

An yi dace, shekara guda kafin nan, a 1972, Japan ta kafa wata hukuma mai suna Japan Foundation domin yaɗa harshenta da al'adunta a duniya. Ita ce ta riƙa turo malamai da littattafai zuwa sabon sashen na Alƙahira. Siyasa da ciniki ne suka buɗe ƙofar, wannan gaskiya ce. Amma waɗanda suka shiga ta ƙofar ɗalibai ne, kuma abin da suka gina ya wuce lissafin gangar mai.

(Kiɗa)

MAI GABATARWA: Bari mu shiga aji. Ɗalibin da ya zo sabo, abu na farko da zai tarar shi ne Japanawa da rubutu iri uku suke aiki, kuma sukan haɗu a jimla ɗaya. Akwai hiragana mai haruffa 46. Akwai katakana, ita ma 46, wadda aka fi rubuta kalmomin aro da sunayen baƙi da ita. Waɗannan biyun mai himma kan haddace su cikin 'yan makonni. Inda gizo ke saƙa shi ne na ukun, wato kanji, alamomin da Japanawa suka aro daga ƙasar Sin tun zamanin da. Jerin da gwamnatin Japan ta fitar a 2010 na waɗanda ake bukata a rayuwar yau da kullum ya ƙunshi guda 2,136. Kowace alama tana da tsarin zana ta, daga wane layi za a fara, a wane za a ƙare, kuma da yawansu ana karanta su ta hanya biyu ko fiye, gwargwadon kalmar da suka faɗo a ciki.

Ginin jimla ma sai an sake koyo. Balarabe ya saba fara magana da aikatau, Bajapane kuwa a ƙarshe yake ajiye shi. Sai ka saurari mutum har ya dasa aya kafin ka san ya yi abin ne ko bai yi ba. Wannan ya sa tafinta tsakanin harsunan biyu aiki ne mai cin rai, kuma masu iya shi suna da daraja.

Sannan ga maganar ladabi, wadda suke kira keigo. Aikatau da kansa yakan sauya idan da malaminka kake magana, ko da baƙo, ko da abokin wasanka. Akwai sigar ɗaukaka wanda ake magana da shi, akwai ta ƙanƙan da kai, akwai ta ladabin yau da kullum. Ɗalibi zai iya sanin nahawu ciki da bai, amma idan bai san matsayin mutane ba, zai yi ɓaranɓarama a gaban manya. Ke nan ba a raba harshen da tarbiyyar masu shi.

Ana auna ƙwazon ɗalibai da wata jarrabawa ta duniya da aka fara a 1984, wadda yanzu take da mataki biyar, daga N5 na masu farawa zuwa N1 na ƙwararru. A bakin ɗaliban Japananci ko'ina suke, tambayar da ba ta ƙarewa ita ce: mataki na nawa ka ci?

Idan ƙafa ta yi ƙwari, sai a shiga adabi. A nan ne ɗalibi ke haɗuwa da Labarin Genji, mai babi 54, wanda wata mata ta fada, Murasaki Shikibu, ta rubuta kimanin shekara dubu da suka wuce. Yana haɗuwa da gajerun waƙoƙin haiku masu gaɓa biyar, bakwai, biyar, da gwaninsu Matsuo Basho. Yana karanta Kawabata Yasunari da ya ci kyautar Nobel a 1968, da Oe Kenzaburo da ya ci a 1994. A jami'ar da ta yaye Najib Mahfuz, wanda shi ma ya ci wannan kyauta a 1988, kwatanta adabin gida da na baƙi abu ne da ke zuwa da kansa.

(Kiɗa)

MAI GABATARWA: Masu sauraro, yanzu kuma mu fito tsakar gida. A sassan nazarin Japan, a Masar da sauran jami'o'in duniya, karatu ba ya ƙarewa da tashi daga aji. Akwai gasar jawabi, inda ɗalibi zai rubuta abin da ke ransa da Japananci, malami ya gyara masa, ya haddace, ya tsaya gaban alƙalai da jama'a ya faɗa. Akwai nunin finafinai, da wasan kwaikwayo, da naɗe takarda a fitar da siffar tsuntsu ko fure, wato origami, da ranar da ake sanya tufafin gargajiya.

Akwai kuma zayyanar rubutu, shodo. Ana goga dunƙulen tawada a kan dutse da ɗan ruwa, a tsoma buroshi, a zana alamar ba tare da komawa a gyara ba. Duk wanda ya taɓa zama da allo da alƙalamin kara a gaban malam ya san wannan natsuwa, ya kuma san cewa abin da hannu ya rubuta da kyar yake fita daga kai. Malaman Japananci sun san haka, shi ya sa ba sa ɗaukar ranar shodo a matsayin hutu.

Haka ma shan shayi na al'ada, wanda Sen no Rikyu ya daidaita tsarinsa a ƙarni na 16. Mai masauki yana dama garin koren shayi a kwano, ya miƙa wa baƙo. Baƙon ya nemi afuwar na kusa da shi saboda zai riga shi sha, ya gode wa mai masauki, ya juya kwanon kaɗan don kada ya sha ta fuskarsa mai ado. Kalmomin girmamawar da ɗalibi ya sha wuya da su a littafi, ga su nan ana aiki da su a gabansa, tare da rusunawa da shirun da ke raka su. Gani ya kori ji.

Da yawa daga matasan da ke neman gurbi a irin wannan sashe, zanen barkwanci na talabijin ne ya fara jan hankalinsu. Yaran Larabawa sun tashi da kallon wani ɗan ƙwallo da suka sani da Kyaftin Majid, wanda asalin sunansa Kyaftin Tsubasa. Malami nagari ba ya raina wannan sha'awa. Yakan kama ta, ya ja ɗalibin da ita har zuwa karatu mai zurfi.

(Kiɗa)

MAI GABATARWA: To, bayan fiye da shekara hamsin, me aka girba? Ɗaliban farko sun tafi Japan sun yi digiri mai zurfi, sun dawo sun karɓi koyarwa. Wasunsu sun koyar a Jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad. Jami'ar Ain Shams ita ma ta buɗe nata sashen a shekarar 2000. Yau Balarabe yana karanta littattafan Japan da aka fassara kai tsaye daga Japananci, ba tare da sun kwana a Landan ko Faris ba. Wani malamin sashen, Mahir al-Sharbini, ya fassara labarin nan na zane mai suna Hadashi no Gen, wanda Nakazawa Keiji ya tsara daga abin da ya gani da idonsa yana yaro, ranar 6 ga Agusta, 1945, da aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima.

Masana tarihi ma sun samu abin tattaunawa. Masar ta fara yunƙurin zamanantar da kanta a mulkin Muhammadu Ali, wanda ya hau a 1805, Japan kuwa sai a 1868 ta shiga zamanin Meiji. Me ya sa wadda ta fara daga baya ta wuce gaba? Marigayi Ra'uf Abbas, malamin tarihi a Jami'ar Alƙahira, ya zauna a Japan, ya rubuta littafi a kan al'ummarta a zamanin Meiji, ya kuma kwatanta tunanin Rifa'a al-Tahtawi da na Fukuzawa Yukichi, malamai biyu da kowanne ya je Turai ya dawo ya wayar da kan mutanensa. Wannan tambaya ce da kowace ƙasar Afirka ke bukatar amsarta.

Hanyar ba ta rasa gargada ba. Ɗaliban sashen da dama sun dogara da aikin ja-gorar baƙi masu yawon buɗe ido a Luksor da Aswan, kuma duk lokacin da tsaro ya taɓarɓare, kamar bayan juyin juya halin Masar na 2011, baƙi kan ɗauke ƙafa, aiki ya yi ƙaranci. Amma ilmin yana nan, ana bukatarsa a kamfanoni, da ayyukan raya ƙasa, da jami'ar kimiyya da fasaha ta haɗin gwiwar Masar da Japan da ke kusa da Iskandariyya.

(Kiɗa)

MAI GABATARWA: Ina namu rabon a wannan labari? Titunan Kano da Maraɗi da Kumasi cike suke da Toyota da Honda da Suzuki, makanikanmu sun san cikin injinsu kamar yunwar cikinsu. Amma tunanin mutanen da suka ƙera su, da tarihinsu, da tsarin makarantunsu, sai abin da wasu suka fassara mana. Su kuwa sun riga mu zuwa. A Jami'ar Nazarin Harsunan Waje ta Tokiyo akwai cibiyar binciken harsuna da al'adun Asiya da Afirka tun 1964, kuma wani malaminta, Matsushita Shuji, ya yi nazarin Hausa, ya wallafa littattafai a kan Gwandara, harshen da ya fi kowanne kusanci da namu.

Bahaushe ma yana da 'yar sa'a a wannan karatu. Wasulan Japananci biyar ne kamar namu. Suna bambanta dogon wasali da gajere, suna ninka baƙi, suna kuma rarrabe wasu kalmomi da hawa da saukar murya. Kunnen da ya tashi da Hausa ya riga ya saba da duk waɗannan.

Saboda haka kiranmu ga shugabannin jami'o'inmu shi ne su dubi abin da Alƙahira ta yi: ta fara da 'yan ɗalibai da malaman aro, ta yi haƙuri har ta yaye nata malaman. Ku kuma matasa, maza da mata, ku sani gwamnatin Japan tana ba ɗaliban ƙasashen waje guraben karatu tun 1954, ana kuma neman su ta ofisoshin jakadancinta, har da na Abuja. Duk al'ummar da ke son yin hulɗa da wata cikin mutunci, dole ta samu 'ya'yanta da za su ji maganar waccan da kunnensu, su kuma mayar da amsa da bakinsu. Zuwa da kai ya fi saƙo.

A nan za mu dasa aya a shirinmu na yau.

(Kiɗan rufe shiri)