Hane-hanen Tsira Allura a Tsohon Likitancin Ƙasar Sin

Hanin da ake nufi a nan ba haramci ba ne irin na shari'a. Ƙa'ida ce ta masu sana'a, wadda likitocin ƙasar Sin suka gindaya wa mai tsira siraran allurai a jikin majinyaci. Tushenta yana cikin littafin Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa a wajen zamanin daular Han. Babi na 52 na sashensa mai suna Suwen ya keɓanta da wannan mas'ala.

Babin ya ƙayyade wa'adin mutuwar wanda allura ta huda masa wani sashe na ciki: zuciya kwana ɗaya, matsarmama kwana ɗaya da rabi, huhu kwana uku, hanta biyar, ƙoda shida, saifa goma. Ba za a karɓi waɗannan adadi a matsayin ilmi tabbatacce ba, amma tsoron da ya haife su gaskiya ne. Alluran wancan zamani sun fi na yau kauri, ba a kuma san kashe ƙwayoyin cuta ba. Har yanzu huda huhu yana cikin manyan haɗurran sana'ar, domin iska kan taru tsakaninsa da bangon ƙirji har numfashi ya ƙuntata. Babin ya kuma hana tsira wa wanda ya bugu, ko ya fusata ƙwarai, ko ya gaji tiɓis, ko ya ƙoshi yanzu-yanzu, haka mai tsananin yunwa ko ƙishirwa ko firgita. Huangfu Mi, wanda ya rasu a 282, ya tantance wuraren da aka hana ɗaya bayan ɗaya, cikinsu har da cibiya da kan nono. Daga baya aka gargaɗi likita game da Hegu a hannu da Sanyinjiao a ƙwauri idan mace tana da juna biyu, don gudun ɓari.

Akwai wani nau'in hani da asalinsa ya sha bamban. Sun ƙudurta cewa wani ruhi da suke kira renshen yana zagaya gaɓoɓin mutum bisa kwanan wata da shekaru, kuma wanda ya soki inda ya sauka a ranar ya jawo halaka. Sun Simiao, wanda ya rasu a 682, ya kawo jadawalin wannan a littafinsa.

A nan ne ɗalibin fiƙihu ke buƙatar rarrabewa. Nau'in farko ya dogara ga jarrabawa da lura, ya kuma dace da ƙa'idar kawar da cuta da hukuncin lamuncewa da ke hawa kan wanda ya yi wa mutane magani ba tare da an san shi da ilmin likitanci ba. Na biyu aƙida ce, ba hujjar gani a bayansa. Wani zai iya kwatanta shi da zaɓen ranakun 17 da 19 da 21 ga wata don yin ƙaho. A ganina ƙiyasin bai tsaya ba: madogarar zaɓen ranakun ƙaho ruwaya ce da malaman hadisi suka yi magana kan isnadinta, likitoci irin su Ibnu Sina kuma suka ba shi illa ta ɗabi'a, ba wanda ya jingina shi ga ruhi mai yawo a jiki.

Su kansu Sinawa ba su haɗu a kan amincin allura ba. Wang Tao, a kundinsa na 752, ya bar tsira allura ya riƙe ƙona ganye a kan fata, saboda ganin haɗarinta. A 1822 kuma fada ta soke koyar da ita a makarantar likitocin sarki.